MAI AIKI A ƊAKI KADA YA MANTA DA ZAURE

Sanin kowa ne cewa tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa hukuma ta kulle jama'a a gidajensu, wata irin sana'a ta yi ƙarfi a tsakanin samari da 'yan mata masu ilmi. Mutum yana zaune a ɗakinsa a Kano ko Zariya, da kwamfuta a gabansa, yana yi wa wani kamfani na Ingila ko Amurka fassara, ko zane, ko rubutun manhaja, a biya shi gwargwadon abin da ya gama. Ba shi da shugaba, ba ya sa hannu a rajistar zuwa aiki. Tun da darajar Naira ta faɗi daga shekarar 2023 zuwa gaba, wanda ake biyansa da Dala ya zama abin sha'awa, har wasu ma'aikatan gwamnati suna tunanin ajiye aiki su bi sahu.

Neman halaliya abin yabo ne. Amma ya kamata a faɗa wa masu wannan niyya abin da za su rasa. Ofis ba wurin karɓar albashi kaɗai ba ne. A nan ƙaramin ma'aikaci yake samun babba mai gyara masa kuskure, da abokin da zai tambaya in an kwana biyu ba a gan shi ba, da agogon da ke cewa aiki ya tashi. Mai aiki a ɗaki ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ga kuma bambancin lokaci. Agogon birnin New York yana bayan na Nijeriya da awa 5 ko 6, gwargwadon lokacin shekara. Saboda haka mai yi wa mutanen can aiki yakan raba dare ido biyu, ya wuni yana barci. A yi suna a unguwa ba a gan shi ba, a yi jana'iza sai dai ya aiko da ta'aziyya ta waya. Sannu a hankali jama'a su daina sanar da shi, wasu ma su soma zargin inda yake samun kuɗi. In ya je neman aure, dattawa su ce ba su san sana'arsa ba. Ranar da aikin ya yanke, shi kuwa irin wannan aiki ba ya sallama in zai tafi, sai ya waiwaya ya ga ba kowa. Daga nan kasala ke shiga, zuciya ta mutu.

Yin sana'a a gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Maɗinka da dukawa da marubutan Alƙur'ani a gida suke aiki tun kaka da kakanni, amma a zaure, inda mai wucewa zai yi sallama ya zauna. Maƙera da mahauta suna da sarakunansu masu sasanta rigima. Matan da ke cikin kulle suna ɗinkin hula da ƙuli-ƙuli, duk da haka adashe da biki ba su bar su cikin kaɗaici ba. Abin da ya sake yau shi ne an ɗauke sana'a daga zaure an kai ta ƙuryar ɗaki, an rufe ƙofa.

Wasu za su ce ai ga WhatsApp. To, saƙon waya ba ya ɗaukar makara, ba ya kuma zaman jinya. Zumunci a ƙafa yake.

Lalle ne mai wannan sana'a ya yanka wa kansa lokacin farawa da na tashi, ya riƙe fita sallar jam'i, ya ware rana guda a mako don ziyarar dangi. Masu sana'a iri ɗaya su haɗa kuɗi su kama shago, su sa wutar sola, su riƙa aiki tare ko da kwana biyu a mako. Kowane gwani ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa, domin mai koyarwa ba ya sakaci da aikinsa. Su kuma tuna ba mai ajiye musu kuɗin sallama, don haka su nemi shiga tsarin fansho na masu sana'ar kansu wanda aka ƙaddamar a 2019.

Gwamnatocin jihohi su ma da nasu. Ɗakunan karatu na jama'a, in an gyara su aka sa musu wuta da intanet, za su zama zauren wannan zamani ba tare da an kashe kuɗi masu yawa ba.

Ɗalibin da ke shirin kama wannan hanya ya sani cewa kamfanin da yake yi wa aiki bai san ƙofar gidansu ba. Maƙwabta su suka sani, su ne kuma za su zo ran da ta ɓaci. Allah ya sa a gane.