Sanƙarau Wa'azi Ne Ga Mai Lafiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ɗan'uwa mai karatu, a shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewacin Nijeriya, ta ci rayuka fiye da 11,000. Asibitin Zana da ke Fagge, daf da Sabon Gari, ya cika ya batse. Yaro ya wuni yana wasa, ya kwana da zazzaɓi, gari ya waye wuyansa ya sanƙare. Wasu aka kai su makwanci, wasu suka tashi kurame. Duk wanda ya ga wannan da idonsa ya san cewa ɗan Adam, da duk taƙamarsa, ƙwayar cutar da ido ba ya gani ta isa ta kayar da shi.

Abin takaici, mutane biyu sun karkatar da wannan wa'azi. Na farko shi ne mai yanke hukunci a kan marasa lafiya. A 2017, da cutar ta ɓarke a Zamfara, an ji gwamnan jihar na lokacin yana danganta ta da zinace-zinacen jama'a. Ba mu musun cewa saɓo yana jawo bala'i. Amma wane wahayi ya sauka a kan cewa wannan annoba ta musamman azaba ce? Annobar Amwas ta shekara ta 18 bayan Hijira ta ɗauke Abu Ubaida ɗan Jarrah, wanda aka yi wa bushara da Aljanna, da Mu'azu ɗan Jabal, Allah Ya yarda da su. Su ma azabtar da su aka yi? Subhanallahi!

Na biyu shi ne mai barin magani da sunan tawakkali, ko mai kiran ciwon sammu ko iska, ya kwashi yaro zuwa wurin boka, ya yi hasarar ɗa da aƙida gaba ɗaya. Halifa Umar ya fi mu tawakkali, amma da ya ji annoba ta sauka a Sham, juyawa ya yi da tawagarsa. Sanƙarau ta hanyar tari da atishawa yake yaɗuwa, musamman a ɗakunan da aka cunkushe lokacin ƙura da zafi, kuma yana da rigakafi. Riƙo da sababi yana cikin imani da ƙaddara.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, in ka je dubiya, yi wa majinyaci addu'a, ka taimaka da kuɗin magani, ka kame bakinka daga zarginsa. Sannan ka koma gida ka binciki kanka: bashin da ka danne, zumuncin da ka yanke, sallar da ka jinkirta. Gadon da ka tsaya a kansa yau, gobe kai ne za a iya kwantarwa a kai.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu cika da imani. Allah ne Mafi sani.