An Ce Maka “Babu Irinsa”, Sai Ka Yarda? Darasi Daga Gwanjon Jiragen Ƙasa Na Wasa

Kwanakin baya ɗan yayata mai shekara bakwai ya hau jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna karon farko. Tun da ya dawo ba mu huta ba, kullum maganar ɗaya ce: “Kawu, ka saya mini jirgi.” Wani dare bayan na gama aikin makaranta, ina da ragowar data, sai na ce bari in leƙa eBay in ga nawa ake sayar da na wasa. Malam, ban ajiye wayar nan ba sai wajen ƙarfe biyu. Ban sayi komai ba, amma abin da na gani ya shafe ni, ya shafe ka, ko da ba ka taɓa mafarkin mallakar jirgin wasa ba.

Da farko ka sani, a Turai da Amurka wannan harka ta manya ce. Dattawa masu furfura ne ke ware ɗaki guda su shimfiɗa layin dogo da tashoshi da gadoji, ƙananan jirage suna zagayawa da wutar lantarki. Kamfanin Märklin na Jamus tun 1859 yake, Lionel na Amurka tun 1900, Hornby na Ingila kuma ya fara fitar da jiragensa a 1920. Kowane jirgi yana da ma’auni: wanda ake kira HO an rage girman jirgin gaske sau 87, OO na Birtaniya sau 76. A birnin Hamburg akwai wurin da ake kira Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001, mutane na biyan kuɗi su shiga kallon irin waɗannan jirage kawai. Harka ce ta masu sha’awa, kuma duk inda sha’awa ta haɗu da kuɗi, ka san ’yan cuwa-cuwa ba sa nisa.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne farashi. Jirgi iri ɗaya, kamfani ɗaya, launi ɗaya, amma wannan ya sa kuɗi kaɗan, wancan ya ninka sau huɗu ko biyar. Na duba, na sake dubawa, ban ga bambanci a jikin kayan ba. Bambancin yana cikin rubutun tallan. Mai tsadar ya rubuta kalmar Turanci “rare” da manyan baƙaƙe, wato abu ne da ba kasafai ake samu ba. Ka gangara ƙasa kaɗan sai ka tarar da irinsa guda goma sha a shafi ɗaya. To ina ƙarancin yake? Ɗauki Flying Scotsman, shahararren kan jirgin nan na Birtaniya da aka ƙera a 1923. Hornby ya shafe shekaru da dama yana fitar da ƙananan kwafinsa, suna nan jibge a gidajen mutane, amma sai wani ya ɗauko nasa daga sito ya yi masa kirarin kayan tarihi.

A ajinmu na koyon aikin jarida an koya mana cewa a talla, abin da aka ƙi faɗa ya kan fi wanda aka faɗa nauyi. A wannan kasuwa na ga misalinsa ƙuru-ƙuru. Mai kaya zai rubuta “ban gwada ba”. Jirgin da gwada shi bai wuce a ɗora shi kan layi a kunna wuta ba, mutumin da ke sayar da irinsu ɗari ya ce bai samu damar gwadawa ba? Wani lokacin gaskiya ne, magaji ne da ya tarar da kayan mahaifinsa bai san kansu ba. Wani lokacin kuma an gwada, an ga ya mutu, an zaɓi kalmar da za ta wanke mai sayarwa. In ya iso ya ƙi tashi, sai a ce maka ai an faɗa maka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai kuma dabarar hoto. A ɗauki jirgin ta gefe ɗaya, cikin duhu-duhu, ɗaya gefen da ya karye ba za ka taɓa ganinsa ba. Masu harkar suna da wata cuta da suke tsoro: wasu jiragen an zuba gindinsu da ƙarfen tutiya mai gauraye da datti, bayan shekaru sai ya kumbura ya tsattsage da kansa, kuma ba ya gyaruwa. Hoto daga sama ba zai nuna maka wannan ba. Wani ya sa tsohon jirgi cikin sabon kwali da aka buga kwaikwayon na asali. Wani ya sayar da na ado, wanda ba shi da inji sam, bai ce yana tafiya ba, bai kuma ce ba ya tafiya ba. Wani ya jera sunayen manyan kamfanoni uku a kan talla don ya faɗo a bincikenka, alhali kayan ba na ko ɗaya daga cikinsu ba ne.

Sai uwa uba, ingiza mai kantu ruwa. A gwanjo, wanda ya fi tayi kafin lokaci ya cika shi ke ɗauka. Sai mai kaya ya buɗe wani asusu, ko ya sa abokinsa, su riƙa ƙara tayi don su ja ka sama. Dokar eBay ta haramta wannan, amma haramci bai hana a gwada. Kai kuma ga agogo yana ƙirga daƙiƙu, zuciya ta hau, ka manta jirgi ka zo saya, ka koma neman kayar da wani da ba ka ma tabbatar mutum ne na daban ba. Ka yi nasara, ka biya kuɗin da ba wanda ya yarda ya biya sai kai.

Kar a ce na yi wa masu sayarwa kuɗin goro. Mai kaya yana da ’yancin sa farashin da ya ga dama, ba wanda ya sa maka wuƙa a wuya. Kuma da gaske akwai jiragen da suka cancanci tsada, irin na kafin Yaƙin Duniya na Biyu da suka rage ’yan kaɗan cikin ƙoshin lafiya. Da yawa cikin masu tsawwalawa ma ba macuta ba ne. Sun leƙa sun ga wani ya sa farashi mai tsada, suka kwafa, na bayansu ya kwafe su. Haka farashin da ba a taɓa biya ba yake zama “farashin kasuwa”.

Nan ne darasin yake, kuma shi ne abin da nake so ka tafi da shi. Kuɗin da aka rubuta a jikin kaya fata ne na mai kaya. Darajar kaya ita ce abin da wani ya ciro daga aljihunsa ya biya. A eBay akwai wurin da za ka latsa ya nuna maka kayan da aka riga aka sayar da kuɗin da aka saye su. Da na latsa, sai na ga jiragen da ake yi wa kirari suna tafiya a kuɗi mai sauƙi, masu tsadar kuma suna nan zaune ba mai tayawa.

Yanzu ka ce mini, ina ruwanka da jirgin Bature? Buɗe WhatsApp ɗinka ka duba status. “Saura guda ɗaya.” “Daga Landan aka kawo, ba a taɓa buɗe ta ba.” “Shigo inbox ka ji farashi.” Wayar hannu, takalmi, agogo, leshi, turare. Ke da kika tura kuɗin atamfa saboda hoton da aka ɗauko daga shafin wani, da kai da ka sayi waya aka ce “batir ne kawai matsalarta”, me ya raba ku da dattijon da ya sayi jirgin da ba a gwada ba? Cinikin biri a sama ne duka.

Abin haushin shi ne mun fi kowa sanin ciniki. Iyayenmu mata ba sa sayen kwano a Kurmi sai sun juya shi, sun ƙwanƙwasa, sun taya, an ce albarka, sun yi kamar za su tafi, sun leƙa rumfa ta gaba. Mu da muke taƙama da wayewa, da zarar kaya ya hau allon waya da hoto mai sheƙi, sai mu ajiye duk wannan tarbiyya mu ce “turo account”. Har kunyar tambaya muke ji, kar a ce ba mu da kuɗi.

To ka daina jin kunyar. Nemi hoto ta kowane gefe, da bidiyon kayan yana aiki, a yau, a hannun mai shi. Tambayi mutum biyu da suka sayi irinsa nawa suka biya. In gwanjo ne, yanke iyakar kuɗinka kafin ka shiga, in an wuce ta ka fita. In an ce maka saura ɗaya, bar shi ya kwana. Gobe za ka ga ko da gaske ne. Wanda tambaya ta ɓata masa rai, ya riga ya ba ka amsa.

Shi kuwa ɗan yayata, na kai shi kasuwa na saya masa na roba mai batir. Mai shagon ya sa batir a gabanmu, jirgin ya zagaya tebur sau biyu, na taya, ya ce albarka, na ƙara kaɗan, ya sallama. Har yau yana tafiya.