WA YA HAIFI LABARIN BAƘIN SAMA?

Jama'a, musamman 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, ana ta yaɗa muku hotuna a waya wai sojojin Amurka sun hangi jiragen halittun wata duniya amma sun rufe bakinsu. Mu dai a ganinmu, babban laifin wannan ruɗani yana wuyan manyan hafsoshin da suka mai da gaya wa talakawa gaskiya abin ganin dama.

A daren 19 ga Yuli 1952 na'urar rada ta filin jirgin saman Washington ta nuna waɗansu ɗigo guda 7 suna yawo inda ba a san da jirgin kowa ba. Mako na zagayowa abin ya sake faruwa, aka ta da jiragen yaƙi su bi sawu. Ran 29 ga wata Janar John Samford ya tara 'yan jarida ya ce iska ce mai zafi ta hau kan mai sanyi, ta lanƙwasa saƙon rada har abin da ke ƙasa ya bayyana kamar yana sama. Wannan bayani yana da tushe a ilmi, ba mu musa ba.

To, amma me ya biyo baya? A Janairun 1953 kwamitin masana da hukumar leƙen asiri ta CIA ta kafa ya ba da shawarar a riƙa rage wa irin waɗannan labarai daraja a idon jama'a. Sa'an nan aka fara tashin jirgin leƙen asiri U-2, mai lulawa ƙafa 60,000 ko fiye, alhali jiragen fasinja na lokacin ba su kai rabin haka ba. Matuƙa kan hangi ƙyallinsa bayan faɗuwar rana su kai rahoto. Masu bincike na mayaƙan sama kan duba takardun tashin U-2, su gane ko mene ne sarai, kana su fito su ce ƙanƙara ce a gajimare, ko kuwa waccan iska mai zafi. Watau bayanin gaskiya ne aka ara aka yi wa ƙarya riga. CIA da kanta ta amsa wannan a 1997, har marubucin tarihinta ya ce fiye da rabin rahotannin waɗancan shekaru jiragensu ne. Shekara 40 ana barin matuƙi mai hankali ya zama abin dariya!

Da aka rufe binciken Blue Book a 1969, an tara rahoto 12,618, guda 701 ba a warware ba. Masu sayar da tatsuniya, waɗanda su ma ba mu wanke su ba, a kan waɗannan 701 suka kafa kasuwa. Wa ya share musu fili?

Sakamakon ya fito a Fabrairun 2023. Bayan an harbo balan-balan ɗin Sin, aka gyara rada ta riƙa kama ƙananan abubuwa masu tafiyar hawainiya, cikin kwana 3 aka harbo abu 3 da makamai masu linzami. Shugaba Biden ya ce galibin zato balan-balan ne na kamfanoni ko na masu bincike. A Maris 2024 kuma ma'aikatar tsaro ta ce ba ta sami hujjar baƙin sama ko ɗaya ba. Mai yiwuwa duka gaskiya suka faɗa. Sai dai ma'aikatar da ta ce wa matuƙa ƙanƙara suka gani ita ce ke neman a gaskata ta yanzu, takardun da za a gwada maganarta da su kuwa da yawansu suna kulle a hannunta.