"Ya Ɗaga Ƙarfe": Wace Irin Ɗagawa?



Sau da yawa idan muna son nuna ƙarfin jarumin labari sai mu ce ya ɗaga ƙarfe sama, mu wuce. Nahawun daidai ne, amma mai karatu bai ga komai ba. Mu da muka tashi a yankin Madatsar Ruwa ta Goronyo, wadda aka gina a kan Gulbin Rima, bai kamata mu yi wannan ƙwauron ba, domin abin a gabanmu ake yin sa. Daga Goronyo har Wurno, bayan la'asar za ka tarar da samari a bayan gida da rodi, an cusa bakinsa biyu cikin gwangwanayen fenti cike da siminti. Da yawansu da rana su ne masu lodin buhunan albasa da shinkafa na noman rani.

Kai ƙarfe saman kai daga kafaɗa ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda za mu kira turin tsaye: mutum ya tsaya cak, gwiwa ba ta motsa, ya ɗaure ciki, ya janye haɓa kaɗan ƙarfen ya wuce, kafaɗa da damtse kaɗai su kai shi sama. Akwai turin gwiwa, inda zai ɗan rusuna ya miƙe da sauri, cinya ta cilla ƙarfen, hannu ya ƙarasa. Sai kuma shiga ƙarƙashi: bayan cillawar ya sake faɗawa ƙasa, sau da yawa ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ya tare ƙarfen da miƙaƙƙen hannu sannan ya tashi. Mutum ɗaya, rodi ɗaya, amma nauyin da zai iya a na ukun ya fi na biyun, na biyun kuma ya fi na farkon.

A nan ne rikicin yake. Mun sha tsayawa muna jin musu: wane ya ɗaga abin da wane ya kasa. Ba wanda ya tambayi yadda aka ɗaga. Yaron da ya ga abokinsa ya cilla ƙarfe da gwiwa sai ya zo ya ce shi ma zai kai shi da hannu zalla. Ƙarfen ya tsaya masa a goshi, ana masa kirari, kunya ta hana shi saukewa. Me zai yi? Sai ya gantsare, ya banƙare ƙirji, nauyin duka ya sauka a ƙugunsa. Wannan ƙugun kuma shi ne jarinsa. Ranar da ya riƙe, babu lodi, babu ban ruwa a fadama, babu cefane.

Kada a ɗauka matsalar ƙauye ce. Turin tsaye yana cikin gasar Olamfik shekaru da dama, har aka cire shi bayan wasannin 1972 a birnin Munik na Jamus. Babban dalili shi ne wannan gantsarewar: 'yan wasa suna kwantawa baya har alƙalai suka kasa bambance halal da maguɗi. A shekarar ce Vasili Aleksiyef na Tarayyar Sobiyet ya tura kilo 236.5. Abin da ya gagari alƙalan duniya, da wuya ihun 'yan kallo a bayan gida ya warware shi.

Ra'ayinmu shi ne, idan za a gwada ƙarfin kafaɗa, a gwada da turin tsaye, da nauyin da mutum zai iya ba tare da ƙugu ya lanƙwashe ba, ko da abokai za su yi dariya. Turin gwiwa ba ha'inci ba ne, a dai kira shi da sunansa. Hasali ma shi ya fi kama da aikin ɗan dako, wanda ke rusunawa ya cilla buhu bayan mota da ƙarfin cinya. Na ta ƙeya kuwa, wanda ake sauke rodi bayan wuya, yana buƙatar sakakkiyar kafaɗa, kuma ba mu ga abin da sabon shiga zai rasa ba idan ya bar shi.

Wani abin ma, sandar gasa ta maza kilo 20 ce, an auna ta. Gwangwanin siminti fa? Sai a ce "ya kai buhun taki", wato kilo 50, alhali ba a taɓa ɗora shi a sikeli ba, kuma ba mamaki ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗayan.

Hausa ba ta talauce a nan ba. Muna da ciccibi, sunguma, sunkuta, saɓa a kafaɗa, aza a kai, kowace da irin motsinta. Harshen da ya bambance waɗannan ba zai kasa bambance turi uku ba, sai dai idan mu masu alƙalami ne ba mu je mun tsaya mun kalla ba. Sunayen nan uku mu muka raɗa su don rubutun nan. Idan samarin Rabah ko Wurno suna da nasu da suke kira a bakin rodi, nasu ya fi namu, sai mu janye.