DILLANCIN KAYAN KWALLIYA: DAGA INA RIBAR KE FITOWA?

 

Ya 'yan'uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne tambayar da ke ta zuwa daga ɓangaren mata na makarantunmu na Islamiyya, game da sana'ar sayar da man shafawa da hoda da jan-baki da turare gida-gida a madadin manyan kamfanoni. Wasu sun ce haramun ce ɗungurungum, wasu kuma sun ce ciniki ne kamar kowane ciniki. A ganina dukkansu sun yi gaggawa.

Asalin wannan tsari daga Amurka yake. A shekarar 1886 wani mai tallar littattafai ƙofa-ƙofa, David McConnell, ya lura cewa matan gida sun fi ɗokin ɗan turaren da yake ba su kyauta a kan littattafan kansu. Sai ya koma sana'ar turare, ya ɗauki mata su riƙa kai wa 'yan'uwansu mata har gida. Wannan kamfani shi aka sa wa suna Avon a 1939. A 1963 kuma Mary Kay Ash ta kafa nata a birnin Dallas, ta dogara ga ɗan ƙwarya-ƙwaryar taro: mace ta gayyato ƙawayenta kaɗan zuwa ɗakinta, wakiliyar kamfani ta gwada musu kaya a fuskokinsu, mai masauki ta sami tukuici. Ita wakiliyar ba ma'aikaciya ba ce, ba ta da albashi. Tana sarin kaya ne a farashi mai rangwame ta sayar ta ci riba.

Har zuwa nan babu baƙon abu a wurinmu. Wace ce wannan in ba dillaliya ba, wadda tun kaka da kakanni take shiga gidajen matan aure da ƙunshin atamfa da kwalli da turaren wuta, ta sayar ta ɗauki la'adarta? Malamai sun halatta dillanci matuƙar an san kaya, an san farashi, an san lada. Haƙiƙa ma alheri ne babba ga matar da ke son neman halaliyarta ba tare da cuɗanya da maza a kasuwa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne hawa na biyu da aka ɗora a kan wannan ciniki. A yawancin irin waɗannan kamfanoni, ba a tsaya ga ce wa wakiliya ta sayar ba, sai a ce ta kawo wasu su yi rajista a ƙarƙashinta, su ma su kawo wasu, ita kuma ta riƙa samun kaso daga duk abin da suka sara. Sannan a gindaya mata adadin kayan da za ta riƙa ɗauka don kada matsayinta ya faɗi. Darasin farko da ake koya mata kuwa shi ne ta rubuta sunan duk wanda ta sani: dangi, maƙwabta, abokan karatu. Daga nan sai gidan biki da gidan suna su zama kasuwa, haka zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook, ana nuna hoton mota da tafiye-tafiyen da wance ta samu. Na san wata baiwar Allah da ta kwashi adashinta ta zuba a irin wannan, saboda malamarta ce ta yi mata tayi, ta ji nauyin ta ce a'a. Bayan wata shida kwalaye na jibge a ƙarƙashin gado, zafi ya narkar da jan-bakin, gaisuwa ma ta yi wuya tsakaninta da malamar.

Mu ɗan yi lissafi. In kowace mace za ta kawo biyar, hawa na farko mutum 5 ne, na biyu 25, na uku 125. Kafin a kammala hawa na 12 ana buƙatar mutum sama da miliyan 244, wato kwatankwacin jama'ar Nijeriya duka, maza da mata da jarirai. Ke nan dole ne tsarin ya tsaya a wani wuri, kuma waɗanda ke ƙasa, su ne mafi yawa, su za su biya ribar 'yan tsirarun da ke sama.

Ko waɗanda ba Musulmi ba sun ga wannan. A 1979 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta wanke kamfanin Amway ne bisa dalilin cewa yana da ƙa'idoji: wakili ya sayar da kashi 70 cikin ɗari na kayan da ya ɗauka, ya sayar wa masu saye goma a wata, kuma a karɓi kayan da suka yi kwantai. Ƙasar Sin kuwa a 1998 hana irin wannan ciniki ta yi gaba ɗaya, da ta sake buɗe ƙofa a 2005 ba ta yarda da biyan lada hawa-hawa ba. A ɓangaren malamanmu, Kwamitin Dindindin na Fatawa na ƙasar Saudiyya ya ba da fatawa a shekarar 1425 bayan Hijira (2004) cewa cinikin da manufarsa ita ce kason shigo da mutane, kayan kuwa labule ne kawai, haramun ne, domin ya ƙunshi riba da garari da cin dukiyar mutane da ɓarna. Suka kuma bambanta shi da dillanci, domin dillali ba ya biya kafin a ba shi damar yin dillanci.

Saboda haka tambayar da ya kamata 'yar'uwa ta yi wa mai yi mata tayi ita ce: da a ce ban kawo kowa ba, sayarwa kawai zan yi, zan ci riba? In kayan sun ƙi fita, za a karɓa a mayar mini da kuɗina? Sai kuma ta tambayi kanta ko za ta sayi wannan mai a wannan farashi da babu alkawarin kaso a bayansa. Wadda ta tsaya ga sari da sayarwa, ba ta yi wa kowa romon baka ba, ba mu ga abin zargi a kanta ba. Sai dai ta duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar kaya, ta nisanci mayukan sauya launin fata, waɗanda wasunsu ke ɗauke da sinadarin makuri mai lahanta ƙoda, kada kuma ta yi rantsuwa a kan amfanin da ba ta tabbatar ba.

Kirana na musamman ga shugabannin makarantunmu ne. Amanar da ɗaliba ta ba malamarta ta karatu ce, ba jarin kamfani ba ce. Ya kamata kowane reshe ya zauna ya rubuta a ƙa'idojinsa cewa ba a yin rajistar kowa a harabar makaranta ko a zauren darasi na waya, kuma malama ba za ta sa ɗalibarta a ƙarƙashinta ba, ko da ɗalibar ce ta nema.