Yabon Gwani Ya Zama Dole

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin masu neman ilmi, watau ko ya kamata a riƙa ba malami ko marubuci kyauta saboda aikinsa. Waɗansu suna cewa ilmi don Allah ake nemansa, kyauta kuwa tana ɓata niyya. Mu dai ra'ayinmu shi ne kyauta tana da amfani ƙwarai, amma fa sai an san wanda za a ba da abin da za a ba shi.

A duba abin da ya faru a 1933. A shekarar nan Ofishin Fassara na Zariya, wanda Rupert East ke shugabanta, ya sa gasar rubuta labari da Hausar boko. Littattafai biyar suka fito daga wannan aiki: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sa'an nan Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Imam a lokacin yana da shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina, Ɓalewa kuwa bai daɗe da fita Kwalejin Katsina ba. Ba sarauta gare su ba, ba dukiya. Abin da gasar ta yi musu shi ne ta sa aka buga aikinsu, aka kai shi makarantu. Daga nan aka kira Imam Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, a 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ashe ladan da ya fi girma shi ne ƙofar da aka buɗe masa ta ƙarin aiki.

A Amurka ma akwai abin koyi. Wani mai jarida, Joseph Pulitzer, ya rasu a 1911, ya bar wa Jami'ar Columbia dukiya don a riƙa ba da kyauta, aka fara a 1917. Cikin kyaututtukan nan akwai lambar zinariya ta yi wa jama'a hidima, ita kuwa jarida ɗungum ake ba, ba mutum guda ba. A 1973 jaridar Washington Post ta same ta don ta tono asirin Watergate, al'amarin da ya kai Shugaba Nixon ga yin murabus a 1974. Watau an girmama waɗanda suka faɗi gaskiya a kan mai mulki tun yana bisa kujerarsa.

To, masu tsoron ɓacin niyya ba su rasa hujja ba. Lalle in aka mai da lambar girma abin rabawa ga masu muƙami da abokan masu rabo, yara za su koyi fadanci, su bar karatu. Amma wannan laifin masu rabo ne, maganinsa kuwa a gyara rabon.

Saboda haka muna roƙon abu uku, tun da yawancinmu malaman makaranta za mu zama, wata rana mu ne za mu riƙe alƙalamin hukunci. Na farko, a auna aiki ba tare da sunan mai shi ba, don kada ɗan sarki ya rinjayi ɗan talaka da sunan ubansa. Na biyu, kada a tsaya ga wanda ya fi iya Turanci kaɗai. Wanda ya rubuta tarihin garinsu da Hausa mai kyau, ko ya koya wa manya karatu da maraice, shi ma a kira sunansa gaban jama'a. Na uku, kyautar ta zama mai haifar da wani aiki: a buga abin da yaro ya rubuta, ko a ba shi littattafai, maimakon kofin da zai yi tsatsa a kan kanta.

In mun kiyaye waɗannan, yaron da ke bayan aji zai sakankance cewa ƙoƙarinsa ba zai faɗi ƙasa banza ba. Allah ya ba mu ikon yin adalci ran da rabo ya zo hannunmu, amin.