Zafin Afrilu yana cinye batiran shagunanmu, mu kuma muna ta kwafar furojek

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Hutun da ya wuce na zauna wa yayana a shagonsa na cajin waya a Kwanar Dangora. Kullum wajen ƙarfe biyu na rana inbata sai ta yi ƙara ta ɗauke. Ga rana tsaka, sola na kawo wuta, amma caji ya tsaya cak. Zafi ne ya kashe ta.

2/ Shagon kwano ne, da kyar mutum uku za su zauna. A ciki akwai inbata, batira biyu, wayoyi jere a kan katako, ga na'urar POS. Kowanne yana fitar da nasa zafin. A watan Afrilu kuma zafin Kano yana haura digiri 40 a inuwa. Cikin kwano ya fi haka nesa ba kusa ba.

3/ Abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba: waɗannan kayan ba don yanayinmu aka auna su ba. Apple da kansa ya ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 zuwa 35. Shi kuwa allon sola a digiri 25 ake auna ƙarfinsa, duk digirin da ya ƙaru wutarsa raguwa take.

4/ Batirin dalma da ake sa wa inbata shi ya fi ba ni tausayi. Ƙa'idar da injiniyoyi suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba tsawon ransa biyu. Yaya ya ɗauka jabu aka sayar masa. Wataƙila batirin lafiyarsa ƙalau, ɗakin ne ya dafa shi.

5/ Ba wai duniya ba ta bincike a kan wannan ba. Tana yi sosai. A 1963 George Grover ya ƙera bututun kwashe zafi a ɗakin binciken Los Alamos na Amurka. Yau ɗan siririnsa yana cikin laftof ɗinka, kuma tun 2016 Samsung ya saka shi a Galaxy S7.

6/ Yadda yake aiki: bututun jan ƙarfe ne a rufe ruf, da ɗan ruwa kaɗan a ciki. Gefen da ke jikin furosesa ya yi zafi, ruwan ya zama tururi, ya gudu gefen da ya fi sanyi, ya koma ruwa, ya dawo. Haka yake ta zagayawa, babu fanka babu ƙara.

7/ A 2020 masu bincike a jami'ar EPFL ta Suwizalan sun sassaƙa 'yan mitsi-mitsin hanyoyin ruwa a cikin cif ɗin kansa. Microsoft kuwa ya nutsar da rumbun kwamfutoci a tekun Sukotlan daga 2018 zuwa 2020. Jami'a da kamfani duk sun ɗauki zafi da muhimmanci.

8/ To amma ga inda gizo ke saƙar. Bututun nan ba ya kashe zafi, kwashe shi kawai yake ya zubar a iskar da ke kewaye. Idan iskar shagon ita ma wuta ce, ina zai kai shi? Su matsalarsu cikin na'ura take. Mu tamu ta haɗa da ɗakin, da kwanon, da ƙurar hunturu mai toshe fanka.

9/ Wannan ɓangaren babu wanda zai zo daga Turai ya warware mana, don babu wanda ke cajin waya 50 a kwano a ƙasarsa. Namu ne. Kuma abin da ya fi ci min rai shi ne muna da mafari a gida: randar da ke tsakar gidan kakanninmu.

10/ Randa tana tsatso, ruwan ya bi iska, ya tafi da zafin. Shi ya sa ruwan randa yake fin iskar waje sanyi. Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27. A 2000 ya ci kyautar Rolex.

11/ Tambayata ita ce: me zai hana a gwada akwatin batir mai bangon yumɓu biyu, yashi mai laima a tsakiya, cikin kuma a bushe ƙayau? Dabarar ta fi aiki lokacin da iska ta bushe, wato Maris da Afrilu, daidai lokacin da muka fi shan wuya. Da damina tana rauni, amma zafin ma ya sauka.

12/ Ban ce na tabbatar zai yi ba. Laima maƙiyiyar lantarki ce, batirin dalma kuma yana buƙatar mafitar iska. Shi ya sa ake cewa bincike. A gwada, a auna, a rubuta. Kuma don Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya jefa wayarsa a firji, raɓa za ta shige ta.

13/ Wani zai ce a saka AC mana. AC mai doki ɗaya yana cin wat 750 zuwa sama. Solar yaya gaba ɗaya ba za ta ɗauke shi tare da caji ba. Mai karɓar kuɗin caji ɗai-ɗai maganin da ya fi ƙarfin cinikinsa ba magani ba ne.

14/ Yanzu mu juyo kanmu, 'yan injiniya. Duk shekara muna neman taken furojek, da yawanmu kwafar na bara muke, a ɗaure shi da bango mai kyau, ya tafi kan kanta ya sha ƙura. Har da ni a wannan tunanin kafin hutun nan, ba zan ɓoye ba.

15/ Ga BUK, ga Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, duk da sassan injiniya. Ga TETFund da ke ba da kuɗin bincike. Ga masu gyara a Farm Centre da suka san wace waya ce ke fara kumburin batir. Ga magina tukwane da masu walda. A haɗa su a aiki ɗaya, shi ne ya rage.

16/ A fara da abu mai arha. A sa ma'aunin zafi a shaguna a Bebeji, Tiga, Kiru, Tudun Wada har Riruwai da ke tsakiyar duwatsun Doguwa, tsawon shekara guda. A kwatanta kwano tsirara, da mai farin fenti, da wanda aka yi wa rumfar zana. Sai mu san me ke aiki da alƙaluma.

17/ Kamfani ma zai saurara in ya ga hujja. Masu Tecno da itel sun mamaye kasuwarmu ne don sun lura da buƙatarmu: layi biyu, batir mai daɗewa, kyamarar da ke fito da baƙar fata. Ranar da muka miƙa musu alƙaluman zafinmu, akwai maganar yi.

18/ Ni dai na kai wa malamina wannan a matsayin taken furojek ɗina, ina jiran amsa. Yaya kuma ya ɗaga inbatar daga jikin kwano, ya yi wa rufin rumfa. In kana da shagon caji ko POS a yankin nan, faɗa min ƙarfe nawa taka take ɗaukewa. Da nan zan fara tattara bayanai.